Gwara ta biyar: kowa, ƙauna da halitta

Wata baiwar Allah ta rubuto mini cewa ta ji mai wa'azi a coci yana cewa "Allah gatan kowa". Tana tambaya: da ya ce "gatan duka", ai ma'anar ɗaya ce?

Malama, ba ɗaya ba ce, kuma nahawu ne zai raba mana gardama. Kowa haɗin kalmomi biyu ne, ko da wa, wato ko wane ne. Muna cewa "kowa ya zo", ba ma cewa "kowa sun zo". Amma "duka sun zo" muke cewa. Duka tana tara mutane wuri guda kamar dami, kowa kuwa tana bin su ɗai-ɗai. Gata shi ne mai tsaya maka, wanda idan an taɓa ka zai ce wa ya taɓa. Saboda haka karin maganar tana nufin maraya da ɗan sarki kowannensu yana da nasa rabon a wurin Allah.

Abin ya tuna mini da lissafin da ke cikin Linjila. A Matiyu 10:29 Yesu ya ce ana sayar da gwara biyu a kan ƙaramin kuɗin tagulla guda. A Luka 12:6 kuwa, gwara biyar ne a kan guda biyu. Ki lissafa: kamata ya yi a samu huɗu. Ta biyar ɗin ita ce Bahaushe ke kira gyara, abin da mai sayarwa ke ɗorawa a kai ba a biya ba. Luka ya ce ko ɗayarsu Allah bai manta da ita ba, har da wadda aka bayar gyara ke nan. Aya ta gaba ta ce gashin kanku ma a ƙidaye yake.

Wani ɗalibi kuma ya tambayi dalilin da Kiristoci suka fi cewa "ƙaunar Allah" maimakon "son Allah". So kalma ce mai faɗi. Ana son mutum, ana son ruwa, ana son barci. Tana ɗauke da buƙata da sha'awa, har aka ce so hana ganin laifi. Ƙauna ta fi nauyi, ba a cika ɓata ta a kan ƙananan abubuwa ba. Ita ake ji a Yohanna 3:16, inda ake maganar ƙaunar da Allah ya yi wa duniya. A ganina masu fassara sun zaɓi daidai. Ga kuma wata matsala: "son Allah" na iya zama son da kake masa ko wanda yake maka. "Ƙaunar Allah" ma haka take, sai mahallin magana ya warware.

Tambaya ta ƙarshe a kan asalin kalmar "halitta" ce. Daga Larabci muka aro ta, tushenta ɗaya da Mahalicci. Al'ajabi ma daga Larabci yake, kuma ya fi mamaki zurfi: kana mamakin tsadar kaya, amma idan ka ɗaga kai da dare ka ga taurari kamar marubucin Zabura ta 8, har ka ce mene ne mutum da za a tuna da shi, wannan al'ajabi ne. Ubangiji kuwa namu ne na gado, uba da giji, tsohuwar siffar gida. Littafi Mai Tsarki cikakke ya fito da Hausa a 1932, kuma har yau da kalmar Ubangiji ake addu'a a coci da masallaci.