Tambayi Injiniya: Wai don me waya ɗaya za ta faɗi a ɗauke wutar ƙasa baki ɗaya?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ni mai walda ne a Panteka nan Kaduna. Abin da ke ɗaure min kai shi ne, janareta na shago in waya ta haɗu da waya sai ya mutu, in gyara, in ja igiya ya tashi, minti biyar an gama. Amma sai mu ji wai layi ɗaya ya samu matsala a wani daji, wutar Najeriya gaba ɗaya ta tafi, kuma a wuni ba ta dawo ba. Su manyan injinan nasu ba su kai nawa ƙwari ba ne ko yaya?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan uwa, Allah ya yi wa sana'a albarka. Injinka ba ƙwari ya fi su ba, gwauro ne, shi kaɗai yake juyawa ba ruwansa da kowa. Su kuwa na Kainji da Jebba da Shiroro har da Egbin da ke Legas duk a layi ɗaya aka ɗaure su, kuma dole su juya da taki ɗaya, wutar na kai da komowa sau 50 a kowane sakan. Ka taɓa tsayawa ka kalli mata uku suna lugude a turmi ɗaya? Wannan ta ɗaga, waccan ta sauke, babu mai riga wata. Ɗaya ta yi gaggawa kaɗan sai ka ji taɓare sun gwabzu, dakan ya watse. To haka abin yake.

A cikin kowane janaretan babbar tasha akwai babban maganaɗisu da ruwa ko tururi ko iskar gas ke juyawa, shi kuma layin yana riƙe da shi kamar an ɗaura musu igiyar roba a tsakani. Injin yana ɗan gaba kaɗan yana jan layin, kaya, wato yawan wutar da ake sha, na ƙaruwa tazarar na buɗewa, robar na ƙara miƙewa tana ƙara riƙo, amma fa tana da iyaka, in tazarar ta wuce digiri 90, wato kwatan kai da komowa ɗaya, riƙon raguwa yake yi maimakon ya ƙaru.

Yanzu ga inda rigimar take. A ce tsawa ta faɗa kan layin kilobol 330 da ke kawo wuta daga Shiroro zuwa tashar Mando, ko bishiya ta taɓa waya. Nan take ƙarfin wutar wajen ya faɗi ƙasa warwas, injin Shiroro ba shi da inda zai tura abin da yake samarwa, amma ruwan dam bai san an yi ba, yana nan yana zubowa kan fanka da ƙarfinsa na ɗazu, don ƙofofin ruwa ƙarafa ne masu nauyi, sai sun ɗauki sakanni kafin su rufe. Ka san injin markaɗe in bel ya zame, yadda yake ɗaukar kuka ya zabura da gudu don babu abin da yake ja? Haka janaretan ke yi, ya fara tsere wa 'yan uwansa, tazarar nan tana ta buɗewa.

Shi ya sa duk maganar ta koma kan lokaci. Na'urorin tsaro su hango matsalar, bireka ta yanke layin da ya lalace, a manyan layuka ana so a gama wannan cikin kamar kashi ɗaya bisa goma na sakan, wato kai da komowa biyar kacal, kafin ka ƙifta ido. In an yanke da wuri, injin zai juye rarar gudun da ya tara cikin sauran layukan, ya yi lilo gaba da baya 'yan sakanni ya natsu. In an makara ko da ɗan ƙiris ne, ya riga ya wuce inda robar za ta iya dawo da shi, sai ya kuɓuce, wuta ta riƙa hawa da sauka kamar hauka, dole na'urar tsaro ta cire shi don kar ya ƙone. Mu a wajen aiki wannan iyakar lokacin ita muke fara lissafawa kafin komai, kuma ba lamba ɗaya ba ce, injin da ke ɗauke da kaya maƙil lokacinsa ya fi gajarta.

Kuma ko an yanke a kan kari akwai saura, don layi ɗaya ya fita, kayan da biyu ke ɗauka ya koma kan ɗaya. Nan ne ni a ganina mu 'yan Arewa muka fi rauni, layukanmu dogaye ne kuma ba su da yawa, dogon layi kuwa riƙonsa sako-sako ne. Kowa a garin nan ya tuna Oktoban 2024, layin Shiroro zuwa Kaduna yana kwance saboda ɓarnar da aka yi masa, aka dogara da wanda ke tasowa daga Ugwuaji da ke Enugu ta Makurdi zuwa Jos, shi ma da ya samu matsala Arewa ta fi mako a duhu, ku masu walda ai ba sai an ba ku labari ba.

To a ce Shiroro ta fita. Injina huɗu ne, kowanne megawat 150, jimla 600 sun ɓace lokaci guda alhali masu shan wuta ba su ragu ba. Sauran injinan su ji nauyi, gudunsu ya fara sauka ƙasa da 50, in babu wani inji da aka bar masa rarar ƙarfi yana jiran irin wannan rana, kuma ba a yi saurin yanke wasu garuruwa don rage kaya ba, sai su ma su riƙa cire kansu ɗaya bayan ɗaya. Kafin mai gadin ɗakin kula da wutar ƙasa da ke Oshogbo ya ajiye kofin shayinsa an gama.

Batun daɗewa kuma, babbar tasha ba ta da igiyar ja. Yawancinsu sai da wuta suke tashi, famfo da mai da na'urori duk wuta suke ci, don haka akan fara da wadda za ta iya tashi da kanta, galibi ta ruwa, a ba layi wuta, a je a tada ta gaba. Kowane inji kafin a haɗa shi sai gudunsa da ƙarfin wutarsa da takinsa sun yi daidai da na layin, kamar mai shiga lugude da ke riƙe taɓarya tana gyaɗa kai tana jiran gurbinta. Sannan a riƙa ɗora kaya kaɗan-kaɗan, in aka ɗora da yawa ya sake kifewa a koma farko. Shi ya sa za ka ji ɗan uwanka a Kawo ya ce sun samu tun la'asar, kai a Panteka sai bayan isha'i.