Amsa ga mai goɗiyar da bugun zuciyarta ya ƙi sauka

Ɗan'uwa, wallahi da na karanta tambayarka sai da gabana ya faɗi. Ka ce a tseren kilomita 80 goɗiyarka ta gama zagaye na biyu bugunta ya tsaya a 70, ya ƙi saukowa 64 a minti ɗaya, iyakar da likitocin tsere ke nema, har lokaci ya ƙare aka cire ku, kana tambaya ko ka ƙara mata sukuwa a atisaye. Don Allah kar ka ƙara.

Irin wannan shawarar ce ta kusa kashe wani doki da nake kula da shi a wata barga a nan Daular Larabawa. Dokin Larabawa ne fari, mai sanyin hali, ko yaro zai iya ɗaura masa sirdi. Aka kawo sabon mudarrib, wato mai horar da dawaki, shi ba abin da ya sani sai gudu. Kullum da asuba sukuwa a cikin yashi mai zurfi. Ni ke sa abin sauraren zuciya a bayan gwiwar ƙafar dokin ta gaba ta hagu kafin a ba shi abinci, na san 34 yake bugawa in yana hutawa. Sai na fara jin 44, wata rana 46. Na je na faɗa wa mudarrib ɗin, ya dube ni sama da ƙasa ya ce aikina kwashe kashi ne, ba likitanci ba. A gaban yaran barga fa. Ranar tsere dokin ya shigo yana rawar jiki, kwiɓinsa na zillo daidai da bugun zuciyarsa, dasashinsa ya bushe, cikinsa shiru ba motsi. Na zuba ruwan ƙanƙara har yatsuna suka mutu, bugu na nan a 80. A tsaye na kwana riƙe da igiyarsa ana masa ƙarin ruwa, jaka bayan jaka. Mutumin ko leƙowa bai yi ba, da gari ya waye ya gaya wa mai barga wai ni ne ban shayar da shi ba. Aka yanke min albashi. Na bar shi da Allah, amma har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Taka goɗiyar, koma da ita doguwar kilisa. Tafiya da sassarfa, bugu tsakanin 110 da 140, kar ya riƙa wuce 150, don daga nan jiki ke fara cin bashin iska. In kana da agogon Polar mai auna bugun zuciya ka sa, ka jiƙa wurin majayi sosai, in ba haka ba ƙarya zai yi ta maka. Abin da za ka riƙa rubutawa shi ne minti nawa take ɗauka ta sauko bayan kun tsaya. In minti 10 ya wuce tana sama da 64, aikin ranar ya fi ƙarfinta.

Kuma ka yi gwajin da likitoci ke yi a wurin duba dawaki, na Ridgway: ka ƙirga bugu, ka ja ta da sassarfa mita 40 zuwa, 40 dawowa, minti ɗaya daga fara gudun ka sake ƙirgawa. In na biyun ya haura na farko sosai, akwai gajiya ko ciwo a ɓoye. Sau da yawa ma ba zuciyar ba ce. Sirdi ya ci baya, ko kofato na zafi, duk suna riƙe bugu a sama. Ka duba bayanta?

Mudarrib ɗin can ko wannan bai taɓa yi ba, sai taƙama da tabarau.

Af, maganar ruwa. Doki a zafi yana iya zubar da lita 10 zuwa 15 na gumi a awa ɗaya, guminsa kuma cike yake da gishiri, shi ya sa za ka ga ya bushe amma ya ƙi sha. Ka saba mata da gishiri a abinci tun a barga. Kanwa dai da muka saba ba dawakinmu a gida, kar ka ba ta ranar tsere. Dokin da ya yi doguwar zufa jininsa ya riga ya karkata wajen alkali, wato kishiyar tsami, kanwa ƙara masa take yi. Kilomita na ƙarshe kafin shiga wurin likita ka sa mahayi ya rage gudu, a sassauta majayi, a zuba ruwan sanyi a wuya da tsakanin cinyoyi.

Ba ka faɗi shekarunta ba. Zuciya da huhu suna ƙarfi cikin 'yan watanni, jijiya da ƙashi kuwa sai shekara ɗaya ko biyu, nan mutane ke ruɗuwa su ga bugu ya yi kyau su kai doki tseren kilomita 120 ya dawo da ɗingishi. Ka bar ta a kilomita 40 bana. Turo min bugunta na asuba da abin da take ci, mu duba tare.