Amsa-amo daban, kari daban: amsa ga mai waƙar itatuwa

Wata mai karatu ta aiko da tambaya. Ta rubuta waƙa kan itatuwan da makiyayi ke bi ta ƙarƙashinsu da garkensa, kowane ɗango ya ƙare da "ya", amma in ta zo rerawa sai waƙar ta riƙa ɗingishi. Ina matsalar take?

Malama, amsa-amonki lafiya lau yake, kari ne ya karye. Amsa-amo a ƙarshen ɗango yake zaune, shi kuwa kari yana cikin nauyin kowace gaɓa tun daga farkon ɗango. Gaɓa mai gajeren wasali sassauƙa ce. Mai dogon wasali, ko wadda baƙi ya rufe, mai nauyi ce. Rubutun boko ba ya nuna tsawon wasali, shi ya sa ido ke yaudarar masu koyo. Kunne ne alƙali.

Sunayen itatuwan ma sun ishe ki darasi. Furta wannan a hankali: giginya, kaɗanya, magarya, maɗaci. Kowace kalma sassauƙa ɗaya ce sai masu nauyi biyu, wato ƙafar fa'uulun (ƙafa ita ce rukunin gaɓoɓin da ake maimaitawa a ɗango), kuma huɗun nan a jere sun ba ki cikakken ɗango na karin Mutaƙarab, ɗaya daga cikin karuruwan aruli, wato ilimin auna waƙa na Larabci, da Halilu ɗan Ahmadu ya tsara a Basra a ƙarni na 8. Yanzu ce tsamiya, ɗorawa, goruba. Nan mai nauyi ce, sassauƙa, mai nauyi: faa'ilun, ƙafar karin Mutadarak. In kika cire giginya kika sa tsamiya, "ya" tana nan daram, amma ɗangon ya gurɗe.

Batun tsari kuwa, ina ba ki shawarar ƙwar biyar. Ɗango huɗu na farko su ɗauki ƙaramin amsa-amo mai sauyawa daga baiti zuwa baiti, na biyar ya riƙe babban amsa-amon "ya" har ƙarshen waƙa. Hakan zai hutar da ke daga cusa kalmomi don dole.

Kuma don Allah kada waƙar ta zama lissafin sunaye. Ki ba kowace bishiya baitinta da halinta. Gawo yana zubar da ganye da damina, ya yi kore shar da rani lokacin da ciyawa ta ƙone, dabbobi su taru suna tsintar 'ya'yansa. Giginya kuwa Bahaushe ya riga ya ba ki rabin baitinta da ya ce inuwar giginya, na nesa ka sha.