Kayan yara zuwa Amurka: a lissafa kuɗin gwaji kafin a yanke farashi

Tambaya: Malam, ina ɗinka kayan yara a Kano. Ƙanwata da ke Amurka tana son ta riƙa sayar min da su a can, amma ta ce sai da takardar gwajin dalma. Riga ce fa, me ya haɗa ta da dalma?

Amsa: Hajiya, gaskiya ƙanwarki ta faɗa. Bayan an janye miliyoyin kayan wasan yara daga kasuwa a 2007 saboda fenti mai gubar dalma, Amurka ta kafa doka a 2008 kan duk abin da aka yi domin yaro ɗan shekara 12 zuwa ƙasa. Tun 2011, dalma ba za ta wuce kashi 100 cikin miliyan ba a duk inda hannun yaro zai kai. A fenti kuwa, kashi 90 ne cikin miliyan.

A batun dalma, yadin kansa ba shi ne damuwarki ba. Hukumar CPSC, mai kula da amincin kayan masarufi a Amurka, ta ɗauke wa auduga da sauran yadudduka gwajin dalma, ko da an rina su. Inda kuɗi ke zurarewa shi ne zik, maɓallan ƙarfe ko roba, duwatsun ado, da zanen da aka shafa a kan riga. Kowanne sai an gwada shi a ɗakin gwajin da hukumar ta amince da shi, kuma launi daban gwaji daban ne. Ke da kike tsince-tsincen maɓalli a kasuwa, yau ja gobe kore, nan ne ribarki za ta tafi.

Shawarata, ki taƙaita. Zaɓi zik iri ɗaya da maɓalli iri ɗaya, ki saye su da yawa lokaci guda, a yi gwaji sau ɗaya, ki raba kuɗin a kan kowace riga. In ɗinkin zai yi kyau ba ƙarfe ko fenti, ya fi miki sauƙi.

Takardar shaidar kuwa, wanda ya shigo da kaya ƙasar ne ke bayar da ita, wato ƙanwarki, kuma ita za a tuhuma in an samu matsala. Ku yi magana tun yanzu kan wanda zai biya. Ta kuma bincika rajistar masu ƙaramin jari a CPSC, tana rage wasu gwaje-gwaje, amma ban da na fenti.

Kowace riga ta fita da tambarinki, da wuri da lokacin da aka ɗinka ta.