Atisayen hunturu da gudun fanfalaki na Legas

Ka tambaya ko atisayen da kake yi da asuba a Kano cikin hunturu zai ishe ka shiga gudun fanfalaki na Legas a watan Fabrairu. Zai ishe ka ta fuskar ƙarfin ƙafa da dogon numfashi, amma ba zai saba wa jikinka da zafin Legas ba, don haka kada ka ɗora burinka a kan lokacin da agogo ke nuna maka a gida.

Iskar hunturu busasshiya ce, gumi yana bushewa kafin ya gangaro wuya, jiki ya huce ba ka ma sani ba, alhali iskar Legas cike take da danshi. Shekarar da na fara zuwa, ina kan gadar Third Mainland rigata ta manne mini a baya sharkaf, ga sauran tafiya mai yawa cikin kilomita 42 ɗin. Tun daga nan, idan saura mako 2, nakan mayar da wasu ranakun atisaye zuwa hantsi, in rage sauri, in riƙe gorar ruwa a hannu.