Wai da gaske har da na katako?

Tambaya: Malam don Allah jirgin wasan nan na Amurka mai hawa da gangara a guje kan layin dogo, rola kosta, wai har da na katako? Ni kafinta ne a Sabon Garin Zariya, abin ya ɗaure min kai wallahi.

Amsa: Ƙwarai kuwa ɗan'uwa, ai da katakon ma aka faro. Wani Ba'amurke, LaMarcus Thompson, ya kafa nasa a Coney Island, wurin shaƙatawa a birnin New York, a 1884, wani na katakon mai suna Cyclone da aka buɗe can a 1927 kuwa har yau yana aiki. Taragon ba shi da inji fa, sarƙa ce ke jansa har ƙololuwa sai nauyinsa ya gangaro da shi, layin kuma falankai ne ɗaya kan ɗaya da ƙarfe a shimfiɗe a sama, ga tayoyi ta ƙasa da ke riƙe shi kar ya goce. Aikinku ne sosai, kullum sai kafintoci sun bi layin sun duba kusoshi.