Me ya sa wata ƙurar ke manne wa farantin sola?

Ka ce me ya sa farantan gidan gona da buroshi kawai suka fita, amma na shagon bakin titi sai da muka sha wahala, alhali hazo ɗaya ya rufe su. To zauna, yaro, a ido ne kawai hazon yake ɗaya.

Farar ƙurar hunturu yawancinta daga Bodele take tasowa, can arewacin Chadi, inda iska ke matsowa tsakanin duwatsun Tibesti da Ennedi ta kwashi busasshen gindin wani tsohon tafki. Garin ƙasa ne da ɓawon ƙananan halittun ruwa, kuma ba ya shan ruwa sosai. Ga shi a Kano lokacin hunturu danshin iska kan sauka ƙasa da kashi 20 cikin ɗari da rana. Sai ta kwanta a bushe, ka share ta tafi.

Ta bakin titi kuwa gauraye take da hayaƙin janareto, na manyan motoci da na bola, kuma a cikin hayaƙin akwai maiƙo da gishiri-gishiri irin su salfet. Ka san yadda gishiri ke jiƙewa a gwangwani da damina ba wanda ya zuba masa ruwa? Haka suke. Gishirin girki yana fara narkewa idan danshi ya kai kusan kashi 75, salfet wajen 80. Idan suka sha danshi sukan kumbura su tare haske fiye da da, wannan na daga cikin abin da ya sa hazon gari ya fi kauri da asuba, rana na dagawa ya yi sauƙi. Na Bodele kam babu ruwansa, ko da azahar yana nan.

Da dare farantin kan yi sanyi fiye da iskar da ke kewaye da shi, raɓa ta sauka ta narkar da gishirin, rana ta fito ta busar da shi, ya ɗaure ƙurar da gilashin. Kwana bayan kwana yana ƙara tauri.

Don haka irin wannan kada ka goge shi a bushe, za ka karce gilashin mutane. Ka je da sassafe kafin farantin ya yi zafi, ka jiƙa shi da ruwa mai tsabta, ka ɗan jira, sannan ka bi da tsumma mai laushi. Ruwan rijiyar da ke da kanwa ma bar shi, tabo yake bari.